Jiki a Kan Sallaya, Zuciya a Kasuwa: Laifin Wa?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci zukata, Ya kuma san abin da ke kai-kawo a cikinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwana mata, akwai wata tambaya da ke damun da yawa daga cikinmu, amma kunya takan hana a furta ta. Mace ta tayar da kabbara, kafin ta kai ƙarshen Fatiha hankalinta ya tafi kan tukunyar da ta bari a murhu, daga can ya zarce kan kuɗin makarantar yara, ya biya ta kan maganar da uwar miji ta yaɓa mata shekaranjiya. Sai ga ta a zaman tahiya ba ta san raka'a uku ta yi ko huɗu ba. Kuma abin ba a sallah kaɗai ya tsaya ba. Shi ne ke sa yaro ya yi ta ba ki labarin makaranta kina cewa "uhm, uhm" alhali ko kalma ɗaya ba ki ji ba. Shi ne ke sa kofi ya faɗi ya fashe, ki yi wa yarinya 'yar shekara biyar tsawar da ta ninka laifinta sau goma, domin fushin ba na kofin ba ne, na wata magana ce da kika haɗiye tun da safe. To shin wannan raunin imani ne? Za a kama mu da shi? In kuwa ba za a kama mu ba, mene ne namu a ciki?

Hankali dama matafiyi ne

Mu fara da yadda Bahaushe yake magana a kan hankali. Yakan ce hankali ya tashi, hankali ya tafi, hankali ya rabu biyu, hankali ya dawo, hankali ya kwanta. Duk kalmomi ne na abu mai motsi, tamkar akuyar da aka ɗaure a turke tana jan igiya. Masu bincike ma sun zo sun tarar da kakanninmu a kan gaskiya. A shekarar 2010 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka suka wallafa binciken da suka yi a kan mutum 2,250. Ta wayar hannu ake aika musu tambaya a lokuta daban-daban na yini: me kake yi yanzu, me kake tunani, yaya kake ji? Sai aka ga kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, tunanin mutanen yana wani wuri daban da abin da hannunsu ke yi. Aka kuma ga sun fi zama cikin rashin jin daɗi a lokacin da hankalin ya tafi, ko da aikin da ke gabansu ba wani mai daɗi ba ne.

Shari'a ta riga ta san da haka. Duk wadda ta karanta Ahalari ta san irin tsawon babin Ƙabli da Ba'adi. Da ana sa ran mai sallah ba zai taɓa rafkanuwa ba, da ba a tanadar masa gyara ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wata rana Manzon Allah (SAW) ya yi sallama bayan raka'a biyu a sallar Azahar ko La'asar, sai da sahabin nan da ake yi wa laƙabi da Zul-Yadaini ya tambaye shi ko an rage sallar ne ko ya manta, sannan ya cika, ya yi sujjada biyu. Haka nan Hanzala (RA), ɗaya daga cikin marubutan Annabi, ya taɓa zargin kansa da munafunci, saboda idan yana gaban Annabi kamar yana ganin Aljanna da wuta, idan ya koma cikin mata da 'ya'ya da dukiya sai ya manta da yawa. Sayyidina Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Da suka kai maganar, Annabi (SAW) ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu cewa da za su dawwama a halin farko da mala'iku sun riƙa gaisawa da su a hanya, amma ɗan Adam lokaci yake da shi bayan lokaci. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatanta suka raya, muddin ba a furta ko an aikata ba.

Don haka 'yar uwa, ki sauke wannan dutsen daga ƙirjinki. Tafiyar hankali ba shaidar munafunci ba ce. Jin zafin abin ma alama ce cewa zuciyar tana raye.

To mene ne namu?

Sai dai kada mu miƙe ƙafa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ammar ɗan Yasir (RA) cewa mutum yakan idar da sallah a rubuta masa kashi ɗaya cikin goma kacal, wani ɗaya cikin tara, har zuwa wanda ake rubuta wa rabi. An sauke farali, amma lada gwargwadon halartar zuciya ne. Haka abin yake a zaman gida. Uwar da ta yini tare da 'ya'yanta amma hankalinta yana ɗakin abokiyar zamanta, kashi nawa yaran suka samu daga gare ta?

Idan kika bi sawun hankalinki za ki tarar wuri biyu ya fi zuwa: jiya da gobe. Jiya ita ce "da na sani," wadda Bahaushe ya ce ƙeya ce, a baya take. A cikin Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya umarce mu da kwaɗayin abin da zai amfane mu da neman taimakon Allah, ya kuma hana mu zaman "da na yi kaza da kaza ya faru," domin wannan yana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Gobe kuwa ita ce fargaba: in ya ƙara aure fa? in aka tashe mu daga gidan hayar nan fa? Ba ana cewa kar a waiwayi jiya ko kar a shirya wa gobe ba ne. Haƙƙin jiya shi ne tuba, kuma tuba tana da iyaka: ki yi nadama, ki daina, ki ƙudurta ba za ki koma ba, ki mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Haƙƙin gobe shi ne tanadi: ki zuba adashinki, ki sayi hatsi da kaka, ki koyi sana'a. Abin da ya wuce wannan saƙa da warwara ce, tana cinye yau ɗin da ita kaɗai ce a hannunki.

A fahimtata, abu biyu ne ke wuyanmu. Na farko, ƙofofin da muka buɗe wa tunani da hannunmu. Na biyu, dawo da hankali duk lokacin da muka farga ya tafi, ko da sau hamsin ne a sallah ɗaya.

Game da ƙofofi, Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi sallah da wata riga mai zane-zane, da ya idar sai ya ce a kai wa Abu Jahm, a karɓo masa wata marar ado, domin ta ɗauke masa hankali. Ita ce kuma ta ruwaito hanin yin sallah bayan an ajiye abinci, ko lokacin da mutum yake matse da fitsari ko bayan gida. In rigar da ba ta magana ta isa a cire, yaya wayar da take ƙara a gefen sallaya, ko talabijin ɗin da aka bari yana yi a falo? Wadda ta ɗaga kai daga rigimar wani zauren WhatsApp ta tayar da kabbara nan take, ai ta shiga sallar da mutum ɗari a bayanta.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira (1111), ya buga wani misali a cikin Ihya'u: mutum ne zaune a gindin bishiya yana son ya yi tunani, tsuntsaye sun dame shi, yana korarsu da sanda suna dawowa, har aka ce masa in yana son hutu ya sare bishiyar. Maganar gaskiya ce, amma uwargida sai ta tantance bishiyoyinta. Akwai waɗanda mu muka dasa: gasar anko, bin diddigin abin da maigida ya saya wa wancan ɗakin, gulmar maƙwabta. Waɗannan gatari suke so. Akwai kuma waɗanda amana ce, irin jariri mai kuka da miji marar lafiya da tsohuwar da kike jinya. Waɗannan ba a sare su, a inuwarsu za ki yi sallarki. Annabi (SAW) ya yi sallah ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujjada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yakan kuma taƙaita sallar jam'i in ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Bai ce uwar ta kasa khushu'i ba, tausaya mata ya yi.

Ta jiki ake kamo zuciya

Kowace mace ta san idan ta tace ƙullu ba ta tsayawa tana roƙon gasara ta kwanta. Ajiye robar take yi ta daina motsa ta, kafin wani lokaci ruwa ya taso sama, gasara ta zauna a ƙasa. Zuciya ma haka take. Ba ta jin umarnin "ki natsu," amma tana bin jiki.

Likitoci sun bayyana dalili. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar ƙaramar halitta da ke sakin sinadarin adirenalin cikin jini idan mutum ya firgita ko ya fusata. Nan take bugun zuciya, wanda a zaune yakan kasance tsakanin 60 zuwa 100 a minti ɗaya, sai ya ƙaru, numfashi ya gajarta, jijiyoyi su ɗaure. Jikin ya shirya faɗa ko gudu ke nan, kuma a wannan halin tunani mai kyau yakan ja baya. Abin da ke mayar da jiki daidai ya haɗa da daina motsi, da fitar da numfashi a hankali, da shafa ruwa mai sanyi a fuska, domin duk suna rage gudun zuciya.

Yanzu ki dubi abin da aka koya mana. Mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Zarr (RA). Ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, kamar yadda Annabi ya yi nuni ga mutumin da fuskarsa ta yi ja saboda cacar baki. Ya yi shiru, kamar yadda ya zo a ruwayar Imam Ahmad. Akwai kuma hadisin yin alwala ga mai fushi. Malaman hadisi sun yi magana a kan ingancinsa, amma ita alwala alheri ce a kowane hali. Kin ga babu ɗaya a ciki da ya ce ki hana kanki jin fushin. An ba ki abin yi ne da ƙafafunki da harshenki da hannuwanki, har guguwar ta wuce. Mai ƙarfi, a ma'aunin Annabi, shi ne mai mallakar kansa yayin fushi, ba a ce wanda ba ya fushi ba.

Mafi girman wannan horon yana cikin sallar kanta. Wani mutum ya shiga masallaci ya yi sallah, Annabi (SAW) ya mayar da shi har sau uku ya sake, sannan ya koya masa ya natsu a ruku'u, ya daidaita a tsaye, ya natsu a sujjada, ya natsu a zama. Shi ya sa Ahalari ya lissafa natsuwa da daidaito cikin farillan sallah. Ki lura da rahamar da ke nan: abin da aka wajabta shi ne natsuwar gaɓɓai, wadda take hannun kowa. Raka'a 17 muke yi na farilla a yini, sujjada 34 ke nan. Da kowace sujjada za ta samu ɗan tsayawar da gaɓɓai za su zauna, ki yi tasbihi uku ba gaggawa, ki ji sanyin ƙasa a goshinki, da kin dawo da hankalinki gida sau 34 kafin ki kwanta.

Abin da uwargida za ta iya riƙewa

Ba sai kin tanadi ɗaki na musamman ko awa biyu ba. Ga kaɗan daga abin da zai shiga cikin hidimar gida.

Kafin sallah, ki sauke tukunya ko ki rage wuta, ki kife waya a wani ɗakin. Ki yi alwalar kina jin ruwan a kowace gaɓa, ba kina yi kina ƙwala wa yara kira ba. In kin tsaya a sallaya ki ɗan dakata, ki ja numfashi ki sauke, ki tuna gaban Wa kike, sannan ki yi kabbara. Ki nemi ma'anar Fatiha da gajerun surorin da kike karantawa a wajen malamarku ta Islamiyya, domin harshen da ya san abin da yake faɗa ya fi riƙe zuciya. Ki riƙa canza sura, kada kullum ta zama guda biyun nan da baki yake karantawa ba tare da ke ba.

Da dare, ki riƙe abin da aka ba Nana Faɗima (RA). Dutsen niƙa ya ci hannunta, ta je neman mai aiki, sai mahaifinta (SAW) ya zo har shimfiɗarsu ita da Sayyidina Ali, ya koya musu Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34 yayin kwanciya, ya ce ya fi musu mai aiki alheri. Ki ƙirga da yatsunki, domin Yusaira (RA), ɗaya daga cikin matan da suka yi hijira, ta ruwaito cewa Annabi ya umarci mata da ƙirga tasbihi da yatsu, saboda za a tambaye su kuma za su yi magana. Harshe yana faɗa, yatsa yana taɓa gaɓa, kunne yana ji, sai tunani ya rasa ta inda zai fita. Amma a nan zan ɗan ja kunnen iyayen gida da ke leƙa wannan shafi: wannan hadisi ba hujjar barin mace cikin wahala ba ne. Wanda ya koyar da tasbihin shi ne wanda Nana A'isha ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida.

Kwanakin al'ada da na biƙi sun fi zama haɗari, domin sallar da ke raba yini gida biyar ta ɗauke, ga jiki ba daɗi. Kada ki bar lokutan su wuce haka nan. In an kira sallah ki amsa wa ladan, ki zauna minti biyar ki yi zikiri da addu'a. Azkar na safe da yamma suna nan a Hisnul Muslim, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya mai haila tana iya karanta Alƙur'ani da ka. Aya ta 28 a Suratur Ra'ad ta danganta natsuwar zukata da ambaton Allah, kuma ambaton Allah ba ya da ranar hutu.

Ki ɗauki kaɗan ki dawwama. Annabi (SAW) ya taɓa ganin igiya a ɗaure a masallaci, aka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwar dare sai ta riƙe. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi sallah gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. Sannu ba ta hana zuwa.

Natsuwa daban, haɗiye baƙin ciki daban

Wata za ta ce: to duk wannan ba wata hanya ce ta cewa mu yi shiru a ci gaba da cutar da mu ba? Tambayar tana da muhimmanci, domin kalmar "yi haƙuri" ta rufe bakin mata da yawa har hawan jini ya kwantar da su. Amsar ita ce a'a. Shirun da aka umarci mai fushi na ɗan lokaci ne, don kada harshe ya yi ɓarna. In an huce, sai magana. Haulatu 'yar Sa'alaba (RA) ta kai ƙarar mijinta, ta yi ta mayar wa Annabi magana, har aka saukar da farkon Suratul Mujadala a kan lamarinta. Hindu 'yar Utba ta kai kukan ƙwauron mijinta wajen ciyarwa, aka ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa adalci. Mace mai natsuwa ta fi iya neman haƙƙinta, don ta san abin da za ta faɗa, da lokacin faɗarsa, da wanda za ta kai wa: maigidan da kansa, ko waliyyinta, ko malami, ko alƙali.

Haka nan hawaye ba ya warware imani. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Nana A'isha takan sa a dama wa gidan makoki talbina, wani kunu mai laushi, saboda Annabi ya ce yana sanyaya zuciyar marar lafiya, yana rage baƙin ciki. Ashe wani lokacin abin da 'yar uwarki take buƙata kwanon kunu ne da wadda za ta riƙe mata jariri ta yi barci, kafin wa'azi.

Sannan akwai halin da ya wuce na tafiyar hankali. In kika kai mako biyu ko fiye cikin ƙunci kullum, ba kya jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice, ko kina jin gara ki mutu, wannan ciwo ne, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin 13 cikin 100 na masu jego a duniya suna fama da irin wannan larura, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa 20 cikin 100. Ki gaya wa ma'aikaciyar jinya a wurin awo ko rigakafi, ko ki ga likita. Akwai asibitocin da suka ƙware a wannan fanni, irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano. Ki ci gaba da zikirinki da addu'arki kina shan magani, ɗaya ba ya korar ɗaya. Annabi (SAW) da kansa ya umarci bayin Allah da neman magani. Mu kuma da ke gefe, mu daina ce wa irin wannan baiwar Allah ba ta da tawakkali. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Saboda haka 'yar uwa, in kin farga a raka'a ta uku cewa tun ɗazu ba kya nan, kada ki ɓata sauran wajen zagin kanki, domin shi ma wata tafiyar ce. Ki dawo kawai, ki kyautata abin da ya rage, in akwai gyara ki yi Ƙabli ko Ba'adi. In yaronki ya zo da labari, ki ajiye abin da ke hannunki na minti ɗaya ki dubi idonsa. In rai ya ɓaci, ki nemi wuri ki zauna kafin ki buɗe baki. Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kuma wannan kam muna iyawa.

Allah Ya ba mu zukata masu natsuwa, Ya karɓi ɗan abin da muka halarta a sallolinmu, Ya yafe mana wanda muka rafkana. Allah Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.